Maganin Barci a Gindin Randa

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i mai kula da ɗakunan shan magani na ƙauyukan lardinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙon wannan nauyi.

Ranka ya daɗe, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, kuma da akwai wata hanya da ban fara yau ba. Ni mutuniyar Sanyinna ce, yanzu ina zaune a Tambuwal, gidan wana. Karatuna na allo ne, wajen mahaifina na sauke. Da ajami na rubuta wannan, malamin yaƙi da jahilci na unguwarmu ya juya ta boko, ya karanta mini na ji bai ƙara ba bai rage ba. Na ce a kai ta jarida saboda na aika maka saƙon baki ta hannun mutane masu mutunci, shiru, ban sani ba ko ya iso. Kuma maganar ta shafi mata da yawa waɗanda ba za su taɓa shiga ofishinka ba.

Ni ce matar malamin asibitin nan da wuta ta ci a ƙasar Kebbe, a bazarar da ta biyo bayan bikin 'yancin kai. Ba zan kama sunansa ba, ka san dalili, kuma ofishinka ya san shi. Sunan ƙauyen ma na bar shi, don kada in jawo wa mutanensa magana, ba su yi mini komai ba sai alheri. Marigayin taubashina ne. Tun muna yara yake tsokanata da sunan Modibbo, bai daina ba har ya koma ga Allah. 'Ya'yan da muka samu duk sun riga mu, saboda haka mu biyu ne a gidan, sai 'yan matan maƙwabta da ke zuwa ɗaukar karatu da hantsi.

Ga abin da nake so ka sani, bi da bi.

Na farko, yadda kwalaben suka shiga ɗakina. Likitan da ke rangadi yakan zo kafin ruwa ya sauka, ya yi wa masu gwaiwa da masu ƙari aiki, domin da damina ta faɗi hanyar Kebbe ta rufe ke nan. Saboda haka akan riga shi aiko da kayansa a mota. A cikinsu akwai kwalabe masu duhu na maganin da ake shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yanka shi. Likitoci na kiransa eta, mijina Malam kuma yana ce masa ruwan barci. Siton ɗakin shan maganin rufin kwano ne, ba taga. Wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san abin da ke cikin irin wannan ɗaki da azahar. Malam ya taɓa buɗe siton ya tarar da toshiyar kwalba ɗaya ta yi tsalle, kwalbar ta bushe ƙaf kamar ba a taɓa zuba mata komai ba. Da ya je karɓar magani ya faɗa wa mai sito na ofishinka, aka ce masa ya nemi wuri mai sanyi ya ajiye. A nan ne kuma sauran malaman asibiti suka gaya masa dabarar da suke yi: su kai gida, a binne a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa. Ranka ya daɗe, duk ƙauye babu inda ya kai gindin randar mace sanyi, kowa ya san wannan.

Ranar da ya shigo da su a cikin buhu, cewa ya yi, "Modibbo, ga baƙi na kawo miki. Ba su ci, ba su sha, sanyi ɗai suka biɗa." Na ce masa kayan hukuma amana ne, ni ina tsoron amana. Ya yi dariya ya ce, "Ke da ko ƙuda ba shi shan randarki sai da izini, wa ya fi ki riƙon amana?" Ya karanta mini abin da ke jikin kwalbar, da Turanci yake, ya ce abu biyu aka faɗa: a ajiye a sanyi, a nisanta da wuta. Na riƙe biyun nan kamar yadda nake riƙe farillan alwala. Daga ranar ban ƙara shiga da fitila ɗakin ba, da ido na haddace inda komai yake. Safe da yamma ina yayyafa wa yashin ruwa, har lokacin da rijiya ta ja baya muna tsimin na sha.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar Juma'a ce, rana ta take, Malam yana shirin hawa keke zuwa masallaci a Kebbe. Kamar kowace Juma'a na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, na kifa kwando, na shimfiɗa rigarsa a kai ta sha ƙamshi. Da a ɗaki nake yin haka, amma tun zuwan kwalaben na mayar da shi waje, a inuwar bango. Ɗakin yana da rariya a ƙasa, ɗan ramin nan da ake bari bayan randa don ruwan da ya zube ya fita. Kaskon yana nesa da bakinta, tsakanin ya fi tsawon tabarma. Ko a mafarki ban haɗa su ba, domin wutar da na sani tun ina yarinya sama take yi, hayaƙi ma sama yake yi.

Malam ya shiga ɗaukar hularsa. Na ji ya ce, "Modibbo, ɗaya ta buɗe." Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai ya iso ni inda nake tsaye. Sai na ga wata siririyar wuta, shuɗiya, ta tashi daga ƙarƙashin kwandon, ta bi ƙasa da gudu kamar ƙadangare, ta shige rariya. Ba ta bi ciyawa ba, ba ta bi tsumma ba, ƙasa ce sharariya da na share da hannuna da safe. Kafin in buɗe baki ɗakin ya yi wata irin ƙara, asabarin ƙofa ya faɗo waje, jinka ta kama.

Maƙwabta sun zo da tuluna. Duk inda suka watsa ruwa sai wutar ta hau kan ruwan ta bi shi, har ta nufo ƙafafunsu. Sai da wani tsoho ya ce a koma ga ƙasa, aka yi ta ɗiba da ƙorai da faranti ana zubawa, sannan aka samu aka jawo shi. Inna Tumba, maƙwabciyarmu, ita ta riƙe ni ta baya tana cewa, "Ɗiyata, tsaya nan, maza sun shiga." Har yau in na tuna, hannunta nake ji a cikina.

Motar auduga ce ta ɗauke mu zuwa babban asibiti a birni. Ban san kowa ba a can. A baranda nake kwana tare da masu jinya, kowa da nasa. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne duk sa'ad da za a canza masa bandeji, sai an shaƙa masa wannan maganin dai, in ji ƙamshin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Ban ce maganin mugu ba ne. Na ga yadda yake ɗauke wa mutum azabar da ba ta ɗaukuwa, na gode wa Allah da ya sanar da bayinsa shi.

Wata safiya da ya ɗan farfaɗo ya tambaye ni, "Mi ya kai wuta ɗaki, Modibbo? Ai waje kinka aje ta." Na ce waje na ajiye. Ya ce, "Na sani." 

Na uku, abin da na koya a asibitin, wanda da an gaya mana shi tun farko da ban rubuto ba. Wata nas mutuniyar Zuru, mai yi wa likita hidima a ɗakin tiyata, ta ga na kasa cin abinci, ta zauna ta tambaye ni labarin. Da na kai kan shuɗiyar wutar nan sai ta dafa kafaɗata, ta ce abin da na gani gaskiya ne, ba ruɗewa na yi ba. Ta ja ni can bayan gini inda ba wuta, ta ɗiga mini kaɗan a tafin hannu. Garau yake kamar ruwan sama. Sanyinsa kamar ƙanƙara, kuma kafin in gama bisimilla ya ɓace, hannuna a bushe.

Ta ce ba ya jiran a ɗora shi a murhu kafin ya tafasa, ɗumin jikin mutum ma ya ishe shi, balle zafin bazara, shi ya sa yake ture toshiya. Ta ce in ya tashi ba sama yake yi kamar tururin tukunya ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya malala kamar ruwa, ido ba ya ganinsa, ya bi gangare, ya bi rami, ya bi ƙarƙashin ƙofa. In ya isa ga garwashi ko da na taba ne, sai wutar ta biyo sawunsa ta komo har cikin kwalbar. Ta ce ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake hawa kansa yana ci. Ta ƙara da cewa kwalbar da aka buɗe ta daɗe tana shan haske da iska takan canza hali, ta iya fashewa ko ba wuta, don haka ba a ajiye tsohonsa.

Ta gaya mini ba asibiti kaɗai ke aiki da shi ba. Yana narkar da kitse da mai da kakin zuma, har danƙon filasta da shi suke gogewa. Masu kamfani suna tsamo mai daga 'ya'yan itace da shi, ana sa shi wajen haɗa magunguna da turare, har da wani irin albarushi. Direban da ya mayar da ni gida ma ya ce da sanyin asuba in injin babbar mota ya ƙi tashi, shi suke fesa masa kaɗan ya kama nan take. A duk wuraren nan, in ji nas ɗin, akwai doka: ba taba, ba fitila, ba garwashi, a bar iska tana ratsawa ta ƙasa. Ranka ya daɗe, ma'aikatan kamfani an gaya musu, na ɗakin tiyata an gaya musu. Mu da aka kawo wa shi har gindin randa, muke kwana da shi, muke girki kusa da shi, ba a gaya mana ba.

Na koma na faɗa wa Malam duk abin da na ji. Bakinsa ba ya buɗuwa sosai, amma sai da ya yi ƙoƙarin dariya, ya ce, "Ashe baƙin namu masu rarrafe na." Can kuma ya ce, "Ki gaya ma matan abokan aikina. Su ka kwana da shi, ba mu ba." Wannan ce magana ta ƙarshe mai tsawo da ya yi mini. Na ɗauke ta wasiyya, kuma ka san hukuncin wasiyya a kan wanda ya ji ta.

Na huɗu, binciken da ofishinka ya yi. Ina cikin takaba aka aiko mutum biyu. A zauren maigari suka zauna, suka tambayi maza waɗanda ba su iso ba sai bayan jinka ta kama. Ni da na ga abin da idona ba a tambaye ni ba. Na yarda sun ji nauyin mai takaba ne, ban zarge su da mugunta ba, amma da sun aiko mace ko sun tsaya bayan katanga da na amsa. Abin da suka rubuta, kamar yadda aka karanta wa wana, shi ne Malam ya kwashi maganin hukuma ya kai gida ba da izini ba, wataƙila don sayarwa, kuma fitila ce ta faɗi. Ranka ya daɗe, wace fitila ake kunnawa da rana tsaka ranar Juma'a? Kuma wa zai sayi maganin da ba a sha, ba a shafawa, wanda in ka buɗe shi kafin ka kai gida ya gudu?

Ba zan ɓoye maka ba, wannan magana ta taɓa ni. A Tambuwal na fara tara 'yan mata ina biya musu karatu, da labarin ya iso sai aka janye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa mini dalili. Allunansu na nan jingine, ban wanke ba. Wana mutumin kirki ne, matarsa ba ta taɓa ɓata mini rai ba, amma ɗakina na can ƙarshen gida, yini nake yi ba wanda ya kira ni da sunan tsokana. In biki ya tashi a unguwa na ji ƙamshin turaren wuta, sai in shiga in rufe ƙofa. Wannan nawa ne, zan iya da shi, Allah na nan. Ba shi ya sa na rubuto ba, kuma ba wani haƙƙi na biyo ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin takardar. Da na fita takaba, kaka ta wuce, na hau motar hatsi ranar kasuwar Kebbe, daga can na bi wasu Fulani mata masu tallan nono da ƙafa har ƙauyen. Na ziyarci Inna Tumba, sannan na yi sallama gidan sabon malamin asibitin da aka turo. Matarsa yarinya ce mai kunya, da ɗanta da ya fara rarrafe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta je ɗebo mini ruwa, idona ya bi ta. A gindin randar na ga wuyan kwalba mai duhu, ragowar waɗanda aka sake aikowa bayan gobarar don rangadin bara, an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Kaskonta yana bakin ƙofa da toka a ciki. Murhunta bai fi taku kaɗan daga rariyar ɗakin ba. Ban iya shan ruwan ba.

Na gaya mata komai. Ta saurara har idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Inna, ni mi zan ce? Shi ya kawo." Na jira mijin ya dawo, na yi masa magana ta bayan zana. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, takardar ofis ta ce fitila ta. Mu kuwa ba mu shiga da fitila. Ki yi haƙuri, baƙin ciki shina sa mutum ganin abin da babu." Ban ji haushinsa ba. An ba shi magana biyu, ɗaya da hatimin hukuma, ɗaya daga bakin tsohuwar da ba ta daɗe da fita takaba ba, ya ɗauki wadda aka koya masa ɗauka. Siton nasa kuwa har yau kwano ne, in ya fitar da kwalbar daga ɗakin matarsa bai san inda zai kai ta ba.

A nan na gane cewa kuskuren binciken nan bai tsaya ga sunan mamaci ba. Muddin takardarku tana cewa fitila, kowane malamin asibiti zai ɗauka ya tsira tunda ya hana fitila, matarsa kuma za ta ci gaba da turara riga a waje, tana ganin ta bi doka, kamar yadda na gani. Yanzu sanyi ya fara ja da baya. Nan gaba kaɗan motocinku za su fara rarraba kayan rangadi.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah:

Ɗaya, a sake duba binciken, a tambaye ni, a tambayi Inna Tumba, a tambayi kowane likita ko abin da na faɗa game da tururin nan haka yake. In an ga haka ne, a gyara, a aika wa duk ɗakunan shan magani gyaran kafin a aika musu kwalabe.

Biyu, a manna gargaɗi a jikin kowace kwalba da Hausa, boko da ajami, a faɗi a fili cewa tururinsa yana bin ƙasa ya je ya ɗauko wuta daga nesa, kuma ba a kashe shi da ruwa sai da ƙasa. An ce mana yanzu namu ne ke zaune a ofisoshi. To a yi mana magana da harshen da muke ji.

Uku, a gina wa kowane ɗakin shan magani ɗan rumbun ƙasa mai kauri, nesa da gidaje, mai inuwa. Maginan ƙauye sun iya, ba sai an kawo kowa daga birni ba. A kuma kwashe tsofaffin kwalaben da suka kwana shekara. In ba za a iya wannan bana ba, likita ya riƙa zuwa da maganinsa, ya koma da ragowarsa.

Huɗu, wannan nawa ne. Ma'aikatanka maza ne, iyakarsu zaure, ba za su taɓa ganin gindin randar kowa ba. Ni mace ce, na tsufa, babu ɗakin da za a hana ni shiga. Na yi niyyar in bi gidajen malaman asibitin nan, daga ƙasar Tambuwal zuwa ta Kebbe, ta Jabo da Sanyinna da duk inda ƙafata ta kai, in isar da abin da aka bar mini. Wana ya yi gardama, daga baya ya yarda. Ba na neman albashi ko kuɗin mota. Abin da nake roƙo shi ne 'yar takarda mai hatiminka, ko layi biyu ne, da ke cewa abin da wannan mata za ta faɗa gaskiya ne, a saurare ta. Matan sun riga sun yarda da ni. Mazan ne ke jiran hatimi.

In takardar ta zo, alhamdu lillahi. In ba ta zo ba kafin zafi ya kama, zan tafi hakanan, in yi ta magana ta bayan zana, wanda ya ji ya ji. Amma ina so ka sani, ranka ya daɗe, akwai gidajen da ba zan isa ba kafin motarka ta isa, kuma waɗannan ba a wuyana suke ba.

In na faɗi abin da ya yi kaushi a gafarce ni, ban saba magana da manya ba. Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya haɗa ka da mashawarta masu tsoronsa, ya kiyaye gidanka da iyalinka daga wuta ta duniya da ta lahira. Allah ya ji ƙan wanda ya tafi, ya sa ciwonsa ya zama kaffara. Allah ya zaunar da Jihar Arewa lafiya.

Wassalam.

Ni ce,
Saudatu, matar marigayi,
Tambuwal.